Ɗanmarke da Sauransu

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba zan naɗe tabarmar nan ba sai kun yanke min ita. Alhaji Barau, rage muryar rediyon nan, labarai ba guduwa za su yi ba. Kun dai san shekara talatin da biyar na yi a ɗakin karatu na jami'a ina jera littattafai da mujallu kafin in yi ritaya. To a can na san matar da zan ba ku labarinta, Dakta Kubura Ɗanmarke, likita mai binciken ciwon daji, wanda yanzu ake ce wa kansa, musamman mai kama hanta.

'Yar siririyar mace ce, ba ta da yawan magana. Ɗakin bincikenta ciki biyu ne a bayan asibitin koyarwa, da firiza ɗaya da ta girmi wasu ɗalibanta. Mutanen ƙasar Kwarin Gawo, manoman gyaɗa, su ne suka fi zuwa wurinta. Za ka ga an sauke mutum daga mota, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. Sai ta duba shi, ta ɗebi jininsa a 'yar kwalba ta adana, ta rubuta sunansa a babban littafi. Shekara goma sha takwas tana haka. Duk faɗin yankin, nan ne kaɗai talaka zai je a gwada shi kyauta, a kama ciwon tun bai ci ƙarfinsa ba.

Yanzu ku ji yadda ake auna malami a jami'a, don in ba ku gane wannan ba sauran labarin ba zai shige ku ba. Abu biyu ake dubawa. Na farko, takardun bincike nawa ya buga a mujallun masana. Na biyu, sau nawa wasu masana suka kafa hujja da takardunsa a cikin nasu rubutun. Wannan na biyun shi ake kira ambato, kuma kwamfuta ce ke ƙirga shi, ba ta san sani ba ta san sabo. Ko mutum dubu ka warkar, in ba a ambace ka ba, a wurinsu kamar ba ka zo aiki ba.

Nan Dakta ta yi kuskure, kuma kuskure ne irin na mutanen kirki. Malaminta marigayi ne ya kafa 'yar mujallar tsangayarsu, ita kuwa ta ɗauka butulci ne ta kai aikinta wani wuri. Duk abin da ta gano, can take kaiwa. A buga kwafi ɗari biyu, a ɗaure da igiya, a kawo min, ni kuma in ɗora a saman kanta. Wallahi gara ta fi mutane karanta mujallar nan. Takardu tara ta buga, ambato huɗu ta samu. Uku ita ce ta ambaci kanta. Na huɗun wani ɗalibi ne da ni na tilasta masa ya ari mujallar.

Rannan kwamitin tantance ayyuka ya zauna, aka kira ta. Shugaban kwamitin ya ce, "Dakta, ba mu ce ba kya aiki ba, amma duniya ba ta san da ke ba. Mun ba ki shekara uku. In alƙaluman nan ba su motsa ba, za a rufe ɗakin a mai da shi wurin ajiye kaya."

Daga can wurina ta zo, ta zauna a kujerar da ke gaban teburina. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ran nan. Ta ce, "Malam Ilu, in suka rufe, ina mutanen Kwarin Gawo za su je?" Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ɓacin ran mai jera littattafai ba ya sauya hukuncin kwamiti.

Tana da ɗalibai uku masu neman babban digiri a ƙarƙashinta: Hansatu Mati, da Lurwanu Jibo, da Mamuda Sale. Da suka ji abin da ya faru sai suka same ta tare, suka ce, "Malama, ki ba mu littattafan nan da makullin firiza. Ba za a rufe ɗakin nan muna raye ba." Ta dube su ta ba su. To ku bi ni a hankali ku ji abin da kowannensu ya yi.

Hansatu ta buɗe littattafan ta ga matsala. An rubuta wanda ya zo, amma ba a rubuta abin da ya same shi bayan ya koma gida ba, kuma babu babbar mujallar da za ta karɓi bincike rabi. Suna ɗari bakwai ne, wasu ma ba suna ba ne, sai ka ga "matar mai unguwa" ko "ƙanin Sarkin Noma". Ta ƙulle littafi a leda ta hau acaɓa ta nufi ƙauye, da damina tsakiya. Inda babur ya kasa ta sauka ta taka, inda rafi ya kawo ta ɗora ledar a ka ta ƙetare. Da farko mutane sun ƙi ta, don ba wanda ke son baƙuwa ta zo tana tono masa mutuwar matarsa. Sai ta daina bin magidanta, ta koma bin ungozomomi, su ne suka san wanda aka haifa da wanda aka binne a kowane gida. Ta kwanta da zazzaɓi sau biyu. Cikin wata takwas ta gano labarin mutum ɗari shida da goma sha biyu.

Ana cikin haka kaka ta yi. Wata rana tana zaune a gidan wata tsohuwa, Inna Dije, ana ɓarar gyaɗa, sai ta lura mata na ware ta gida biyu. Mai kyau a zuba a buhu. Wadda ta motse, ko ta yi baƙi-baƙi, ko fumfuna ta kama, a jefa a ƙwarya. Hansatu ta ce, "Inna, wannan ta ƙwaryar kaji za a zuba wa?"

Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Waɗanne kaji, 'yar nan? Mai kyau ta kasuwa ce. Wannan ita ce tamu ta miya da kunu. Ai ba a zubar da abinci."

Nan take Hansatu ta gano bakin zaren. Tun da daɗewa masana sun san gyaɗar da ta yi fumfuna tana da dafi mai lalata hanta. Sun ma sha zuwa Kwarin Gawo su gwada, amma a kasuwa suke saya, su same ta fes, su tafi suna mamakin inda ciwon ke fitowa. Ba wanda ya taɓa zama a tsakar gida ya ga abin da ake bari. Kun san me yarinyar nan ta yi? Ta sake bin gidajen nan ɗari shida da goma sha biyu tun daga farko, tana tambayar wace gyaɗa suke ci, tana ɗibar tafi ɗaya daga kowace ƙwarya. Da ta dawo, mahaifiyarta sai da ta dube ta sau biyu kafin ta gane ta.

Wannan Hansatu ke nan. Sai Lurwanu.

Maganar tsohuwa ba hujja ba ce a wurin masana, sai an ga dafin a cikin jini. Jinin kuwa yana cikin firizar nan, na shekara goma sha takwas, kwalabe kusan dubu uku. Ana tsakiyar bazara, da rana tsaka, taransifomar unguwar ta kama da wuta, janareton asibiti kuma dama a kwance yake. In jinin nan ya narke ya kwana, shi ke nan, aikin rayuwar Dakta ya zama ruwa. Sauran ma'aikata suka tsaya suna salati. Lurwanu bai tsaya ba, ya zura da gudu kasuwa, layin masu kifin ƙanƙara, ya sami wani Alhaji Ɗanlami mai ɗakin sanyi.

Alhaji Ɗanlami ya ce, "Jinin mutane a wurin kifina? So kake ka kashe min kasuwa?" Lurwanu ya durƙusa a gabansa ya yi masa bayanin masu kumburin ciki. Ashe mutumin, wansa da wannan ciwon ya rasu. Ya sa aka kwashe wata firiza a can baya, ya ce a yi amfani da ita amma kada kowa ya ji. Sawu tara Lurwanu ya yi da a-daidaita-sahu, kwalabe a cikin kuloli, ƙanƙara a kai, kowace kwalba da lambarta. Kwana goma sha shida ya yi yana wuni a bakin firizar nan da ma'aunin sanyi a hannu, har aka gyara wutar asibiti. Ƙarnin kifi ya kama shi har budurwarsa ta ce in ya zo zance ya riƙa tsayawa daga nesa. Ko kwalba ɗaya ba ta lalace ba.

Ba a nan ya tsaya ba. Na'urar auna dafin babu ita a asibiti, sai wata matacciya da aka yasar a tsangayar aikin gona. Ya kwance ta, ya bi masu gyaran rediyo da masu walda har ta tashi. Wata bakwai yana gwaji, jini da gyaɗar Hansatu, kowane sau biyu. Akwai ranar da ya gano shi da kansa ya yi kuskure a gwaji tamanin, kuskuren da ba wanda zai taɓa ganewa, kuma da ya bar shi da sakamakon ya fi kyau. Ya soke su duka ya sake. Ni wannan abin ya fi ɗaukar kwalaben burge ni, amma ba zan sa muku baki ba. Da ya gama, abu ya fito ƙarara: gidajen da ke cin gyaɗar ƙwarya dafin ya yi musu yawa a jini, kuma a cikinsu ciwon ya fi yin ɓarna.

Wannan Lurwanu ke nan. Sai Mamuda, wanda bai taka ƙauye ba, bai taɓa kwalba ba, kuma na san wasunku har sun fara raina shi. Ku dakata.

Dakta ta zauna ta rubuta sakamakon, shafi casa'in. Manyan mujallu kuwa shafi takwas suke so. Mamuda ya sa alƙalami ya dinga yanka, tana faɗa yana ba ta haƙuri, har sai da ya rage abin da ba ya yankuwa. Ya aika, aka dawo da ita. Ya aika wata mujallar, aka dawo da ita kafin kwana biyu, alamar ko buɗewa ba a yi ba. Sau shida ana haka, ga wa'adi yana ta tafiya. Dakta ta gaji ta ce a kai mujallar tsangaya kawai a huta. Mamuda, yaron da bai taɓa ɗaga ido ya kalle ta ba, ya ce, "Malama, ki yafe min, amma wannan karon ba za a kai wa Malam Ilu ya ɗora a saman kanta ba." Da labarin ya zo min na ji zafi kaɗan, amma gaskiya ya faɗa.

Mujalla ta bakwai ta karɓa ta miƙa wa masu tantancewa uku, waɗanda ba a faɗin sunansu. Ɗaya daga ciki ya aiko da tambaya arba'in da uku, ya ƙare da cewa shi bai yarda za a iya tattara irin wannan bayani a ƙauye ba. Wato a fakaice yana cewa ƙirƙira suka yi. Mamuda ya rubuta amsa mai zafi, ya karanta, ya yage. Wata biyu ya yi yana amsa tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, sannan ya ce in ana shakka a zaɓi kwalba hamsin a kai duk inda aka ga dama a sake gwadawa. Aka kai wani ɗakin bincike a ƙasar waje, sakamako ya fito daidai da na Lurwanu. Mai tambaya arba'in da ukun nan da kansa ya rubuta cewa a buga.

Bugawa daban, karantawa daban, ni na fi kowa sanin wannan. Mamuda ya dage sai da aka saki takardar a intanet kowa ya karanta kyauta. Ya rubuta wa masana ɗari biyu wasiƙa, kowa da tasa. Ya hau mota kwana uku zuwa wani taron masu binciken ciwon daji a wata ƙasa, aka ba shi minti biyar a ƙarshen zama, lokacin da mutane ke tattara jakunkuna za su cin abinci. Ya hau dandamali ya zaro ƙullin gyaɗa biyu daga aljihu, ta kasuwa da ta ƙwarya, ya zazzage a kan tebur, ya ce, "Wannan ita kuke gwadawa. Wannan ita muke ci." Waɗanda suka kai ƙofa suka dawo suka zauna.

Akwai wata al'ada ta masana da ya kamata ku sani. In mutum huɗu suka rubuta takarda, mai ambato ba ya jero su duka. Sunan farko kawai yake kira, sai ya ce "da sauransu". Da za a buga, Dakta ta so ɗaya daga cikin yaran ya zo farko. Suka ƙi, su ukun, suka ce ba sa shiga gaban Malama. Haka takardar ta fita duniya da sunan Ɗanmarke da sauransu.

Jama'a, da tsufana sai da na koyi danna kwamfuta saboda takardar nan. Kullum da safe kafin in share teburina sai na duba. Huɗu ta koma tara. Tara ta koma talatin. Wata rana na ga ɗari cif, na fita baranda na rasa wa zan faɗa wa, na kama mai gadi na faɗa masa, shi kuwa ya ce Allah Ya ƙara, bai san ko mene ne ba. Masana a ƙasashen da ake noman gyaɗa da masara suka bar kasuwa suka shiga gidaje, suka ga abin da Hansatu ta gani, kuma duk wanda ya rubuta nasa sai ya ambaci tamu.

Ranar da shekara uku ta cika kwamiti ya zauna. Shugaban ya dubi takardar da ke gabansa, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ambato ɗari uku da goma sha bakwai. Babu malamin tsangayar da ya taɓa kaiwa haka da takarda ɗaya, har da shi kansa. Ya miƙe tsaye ya ce, "Dakta, mun janye maganarmu." Ba a rufe ɗakin ba. Cibiya aka mai da shi, da gini sabo da firiza huɗu da wutar sola, ita kuma aka ba ta Farfesa. Matan Kwarin Gawo suka cika mota biyu suka zo, Inna Dije a gaba, suka rangaɗa guɗa a harabar jami'a har aka dakatar da lacca. Na yi farin ciki ran nan irin wanda ban yi ba tun haihuwar ɗana na fari.

Yau shekara shida ke nan. Ambaton ya haura dubu. A ƙauyukan nan an daina dafa gyaɗar ƙwarya, ana shanya amfanin gona a kan tabarma ba a ƙasa ba, mutane kuma suna zuwa gwaji da ƙafafunsu tun ciki bai kumbura ba. Yaran nan uku, waɗanda yanzu kowannensu dakta ne, sun sake yin aikin kamar yadda suka yi na farko: Hansatu ta bi gidaje, Lurwanu ya gwada jini, Mamuda ya rubuta ya yi fama da masu tantancewa. Sun nuna dafin ya ragu ƙwarai a jinin mutanen. Mujalla ta karɓa. Abu ɗaya ya rage, edita na jiran a aika masa jerin sunaye ranar Juma'a.

Shekaranjiya bayan la'asar Farfesa Kubura ta zo gidana. Bana za ta yi ritaya. Ta ce, "Malam Ilu, sau dubu aka kira sunana, sau dubu aka ce wa yaran nan sauransu. Abin yana ci min rai. Wannan karon sunana a ƙarshe zai zo, ko sun so ko sun ƙi. Wanda ya zo farko shi duniya za ta riƙa kira, kuma jami'a ta ce shi za a ba shugabancin cibiyar. Na tara su na tambaye su, Hansatu ta nuna Lurwanu, Lurwanu ya nuna Mamuda, Mamuda ya nuna Hansatu. Ni kuwa duk wanda na ɗauka sai in ji na zalunci biyu."

Na ce mata ba akwai dabarar nan ta sa ɗan tauraro a gefen suna, a ce su uku daidai suke ba? Ta ce akwai, amma mai ambato ba ya duba tauraro, sunan farko yake ɗauka ya wuce, kuma kujerar shugaba mutum ɗaya take ɗauka. Na ce ta ba ni kwana biyu. Kwana biyun sun cika, ban samo komai ba, shi ya sa na kawo muku.

Ku duba da kyau. Ba don Hansatu ba, da ba wanda ya san abin da ke cikin ƙwaryar nan, jinin da rubutun duk ba su da abin faɗa. Ba don Lurwanu ba, da jinin ya narke tun ranar farko, abin da Hansatu ta gani ya tsaya a hirar tsakar gida. Ba don Mamuda ba, da gaskiyar duka tana ɗaure da igiya, an rufe ɗakin, matan Kwarin Gawo na nan suna dama kunu da abin da ke kashe su. Kada wanda ya ce min a yi ƙuri'a, Farfesa ta ce ba za ta bar aikin rayuwarta a hannun sa'a ba.

To, tsakanin Hansatu da Lurwanu da Mamuda, sunan wa za a rubuta farko, su wa kuma za a sake ce wa sauransu?